Wankan Mbah Tumirah

Tun ranar da aka ƙirga ƙuri'un zaɓen dagaci ba a sake yi wa Mbah Tumirah, wato Kaka Tumirah a yarenmu, wankan kirki ba. Ba labari aka ba ni ba. Ni Sarinem, da ake ce wa Yu Nem, wato Yaya Nem, kullum da safe babur ɗina yana tsayawa a ƙofar gidan da kwandunan alayyafo da awara da busasshen kifi, kuma mai tallar kayan miya babu ƙofar da ake rufe mata. Hancina ne ma ya riga idona sanin halin da ake ciki.

Tsohuwar ɓarin jikinta na hagu ya shanye tun bara waccan. Tana kwance a ɗakin baya na gidan ɗanta Kasno, a kan gadon gora. 'Yarta Warsiti, da muke kira Siti, tana aure a bayan gidan, 'yar siririyar hanya ce kawai tsakaninsu ta cikin bishiyoyin ayaba. Kullum kafin rana ta ɗaga Warsiti za ta biyo hanyar nan da butar ruwan ɗumi, ta wanke uwarta tas, ta juya ta, ta shafe mata baya da man kwakwa, ta taje 'yar furfurar ta ɗaure. In na leƙa gaisuwa sai in tarar da Mbah tana ƙamshi kamar jaririya. Har tsokanarta nake yi, in ce, "Mbah, yau kuma wane tsohon za a je a ruɗa?" Sai ta yi dariya da rabin bakinta ta ce, "Ubanki."

Sai zaɓe ya zo. Kamar yadda aka saba, aka ba kowane ɗan takara alamarsa daga gona, ɗaya Rogo, ɗaya Masara. Kasno ya tsaya wa Masara kai da fata. Mijin Warsiti kuwa, Giman, shi ne mai yawo da lasifikar 'yan Rogo. Ranar zaɓe Kasno ya goya uwarsa har rumfar jefa ƙuri'a. Ya ce shi zai shiga da ita bayan labule, Warsiti ta ce ai ita ce mace, ita za ta shiga. Suka yi ta sa-in-sa har masu aikin zaɓen suka gaji, suka zaunar da tsohuwar a kujera, suka damƙa mata ƙusar da ake huda ƙuri'a da ita a hannunta mai lafiya, suka ja labule. Ita kaɗai ta huda takardarta, babu wanda ya ga inda ta huda. Da la'asar aka ƙirga, Masara ta faɗi, kuma tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Washegari Warsiti ta fito da butarta ta tarar da shingen gora a tsakiyar hanyar ayaba, ya fi ta tsawo. Ta zagayo ta babbar hanya. Ina tsaye ina auna wa Lasmini, matar Kasno, barkono, sai ga ta. Kasno yana bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"Wace irin tambaya ce wannan, Mas? Wankan Mak mana." Mas muke ce wa yaya ko miji, Mak kuma uwa.

"An gode, wanda kika yi a baya ya isa. A wurin wankan nan kike zuba mata guba a kunne, ina sane. Kin ɗauka ban ga rigar da kika sa mata ranar zaɓe ba? Ruwan ƙasa, sak ɓawon rogo!"

"Rigar da ta fi so ce tun babanmu yana raye!"

"Je ki yi wa dagacinku wanka."

Na ce, "Haba Kasno, bar ta ta wuce, ruwan zai huce."

Ya watso mini harara. "Yu Nem, kayan miya kika zo sayarwa ko shari'a?"

"Duka biyu in ta kama," na ce. "Ni na san ka tun kana yawo ba wando."

Ko gezau bai yi ba. Warsiti ta ajiye butar a kan dakali ta juya tana share hawaye da bakin gyalenta. Butar nan ta yini a wurin, har kaji suka tunkuɗe ta.

Kada in ɗauki alhakin Lasmini, ba muguwa ba ce. Tana ɗinki a wani kamfanin tufafi a garin Wonogiri, motar farko take bi, ba ta dawowa sai dab da magariba, ƙafafunta a kumbure. Ta gwada yi wa surukarta wanka. Da ta kai hannu kan zanen sai Mbah ta damƙe shi da hannu mai lafiya, ta kau da kai. Tsohuwar da ko a rafi ba ta taɓa sauke zaninta daga ƙirji ba, yanzu a ce matar ɗanta ce za ta ga tsiraicinta? Lasmini ta haƙura. Sai ta jiƙa tsumma ta goge mata fuska da hannuwa, ta zare shimfiɗar da ta ɓaci in ta sami sarari, ta ruga kada mota ta wuce ta. Juyawa kuwa, babu mai juya ta. Yadda aka kwantar da ita da safe haka za a same ta da yamma, haka kuma za ta wayi gari.

Abin bai tsaya nan ba. Kasno ya hana shigar da rogo gidansa. Wallahi da kunnena na ji. Ya ɗaga kwandona ya ga saiwa biyu a ƙasa, ya ce in zan tsaya a ƙofarsa in riƙa barin wannan abin a gida. A ƙauyen da rogo ne ya raine mu duka, shi da ubansa da kakansa! Mbah kuwa babu haƙori ko ɗaya a bakinta, abin da take iya ci da daɗi shi ne dafaffen rogo da aka kirɓa da mazarƙwaila aka barbaɗa kwakwa. Aka koma ba ta fate-faten masara. Ta kurɓi cokali biyu ta rufe baki.

Kasno da kansa yake ba ta abincin rana in ya dawo daga gona, kuma mutane suna yabonsa a kan haka. Ni da na taɓa tsayawa a bakin ƙofar ɗakin na san abin da ke tafiya da cokalin.

"Mak, buɗe baki. Yawwa. Mak, wa kika huda?"

Sai ta haɗiye abincin ta kau da kai.

"Ba faɗa zan yi ba. Ni na goya ki har can a gaban jama'a. Na yi wa mutane alkawari cewa gidanmu Masara ne. Ki gaya mini kawai, wa kika huda?"

Sai ta zuba wa bango ido. Shi kuma ya ajiye kwanon da ƙarfi ya fita, ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Da tafiya ta yi tafiya ɗakin ya fara wari. Da farko irin warin ɗakin mara lafiya ne da kowa ya sani. Daga baya ya zama wani abu dabam, mai nauyi, wanda yake bin mutum har kan babur. Wata safiya da Kasno ya tafi gona, Lasmini kuma tana hutu, na shiga na durƙusa kusa da gadon.

"Mbah, bari in ga bayanki."

Ta ce, "Babu komai, Nem. Zafi ne kawai."

Na ɗan ɗaga kafaɗarta. A ƙasan bayanta fatar ta yi ja, faɗin tafin hannu, tsakiyar ta fara salewa. Na miƙe na ce zan ɗora ruwa, ni zan wanke ta yau, tallan ya jira. Lasmini ta tare ni a ƙofar kicin, idonta cike da tsoro.

"Don Allah Yu Nem, ki rufa mana asiri. In aka ji bare ce ta zo ta yi mata wanka, gobe 'yan Rogo za su sa mu a lasifika, a ce mun bar tsohuwa ta ruɓe."

"To ba ruɓewar take yi ba?"

"Mas Kasno zai ce ni na kira ki."

Na ture ta na koma ɗakin, don raina ya ɓaci. Amma Mbah da kanta ta dakatar da ni. Ta kama zanenta kamar yadda take yi wa Lasmini.

"Nem, ke 'yar kirki ce. Amma ke 'yar mutane ce. Siti nake so."

Daga nan gidan Warsiti na nufa. Na tarar da Giman a zaure yana kurɓar kofi, sabuwar rigar ma'aikatan dagaci a jikinsa, don an ba shi wani ɗan muƙami bayan zaɓe. Na zayyana musu abin da na gani, ban rage komai ba. Warsiti ta ɗora hannu a ka ta zabura za ta fita. Giman ko ƙoƙon kofin bai ajiye ba.

"Zauna, Siti. Wa ya kafa shinge? Mu ne? Ya cire shingen, ya zo nan ya ba da haƙuri a gaban mutane, sai ki tafi. Matata ba za ta je ta yi bara a ƙofar wanda ya faɗi zaɓe ba."

Na ce, "Giman, bayan tsohuwar ba zai jira haƙurin nan ba."

"To ki gaya wa shi wanda take gidansa. Haka 'yan Masara suke, Yu Nem, ba su da imani. Yanzu kowa zai gani da idonsa."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Ashe gyambon tsohuwar ma yana da amfani a wurin wani. Warsiti ta koma ta zauna a hankali. Da zan tafi ta biyo ni bayan gida ta tura mini ƙunshin ganyen ayaba, kirɓaɓɓen rogo ne da ɗuminsa. Na cusa shi ƙarƙashin alayyafo. Ni da shekaruna, na koma fasa-ƙwaurin rogo a ƙauyen rogo. Mbah takan ci idonta a rufe, ta lashe yatsa, sannan ta tambaye ni, "Siti ta rame?" In ce a'a. Ta ce, "Kasno fa, yana cin abinci? Na ga wuyansa ya fito."

Na je wurin liman. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, ya ce shi kansa yanzu a tsakiya yake, in ya ja doguwar sura a ce ya bi ra'ayin wancan ɓangaren, rabin mamu sun koma sallah a ƙaramin masallacin gangare. In ya sa baki a gidan Kasno za a ce ya ɗauki gefe. Zai dai sa ta a addu'a. Na je wurin sabon dagaci. Ya ce gidan 'yan Masara ne, yana taka ƙafa za a ce ramuwar gayya ya zo yi, a bari ƙura ta lafa. Kowa da hujjarsa mai kyau, wankakkiya, gogaggiya. Tsohuwar ce kaɗai ba a wanke ba.

Haka azumi ya shigo ya same mu. Gyambon ya buɗe, ya fara ruwa. Lasmini ta sayo wata hoda a kanti tana barbaɗawa ta gefen zane ba tare da ta duba ba. Ni kuwa na sa rai a kan Sallah. Ranar Sallah babu ɗan da ba ya durƙusawa gaban iyayensa ya nemi gafara, ko da shekara suka yi ba sa magana. Na ce duk taurin kan Kasno ba zai hana ƙanwarsa shiga a ranar ba, ko don gudun bakin mutane.

Bai hana ta ba kuwa. Bayan an sauko daga idi na bi Warsiti muka shiga tare. An jingina Mbah da matasai, an yafa mata sabon gyale, an kunna turaren wuta har biyu don ya danne abin da ba ya dannuwa. Kasno ya fara durƙusawa, ya kifa goshinsa a kan gwiwarta.

"Mak, ki yafe mini duk laifina, na fili da na ɓoye."

"Na yafe maka, ɗana."

Warsiti ta durƙusa ita ma. Tana kusantar jikin uwar warin ya buge ta, sai ta fashe da kuka, ta kasa ƙarasa maganar. Mbah ta ɗora hannu a kanta tana shafawa. Sannan wa da ƙanwa suka juya suka taɓa yatsun juna, kowa yana kallon wani wuri, suka furta kalmomin yafiya da sauri-sauri kamar masu biyan bashin dole. Na ce a raina, ko ma yaya ne, an dai fara. Har na soma tunanin inda zan samo itacen ɗora ruwa.

Sai Mbah ta ce, "Kasno, Siti, ku zauna. Kullum ana tambayata, yau zan faɗa, don a bar maganar ta mutu."

Suka nemi wuri suka zauna.

"Da suka ja labulen nan na duba takardar. Na ga Masara, na ga Kasno. Na ga Rogo, na ga Siti. To ni biyu na haifa. Sai na huda nan, na huda can."

Ta faɗa tana murmushi da rabin bakin nan nata, tana jiran su yi dariya. Ni dai hawaye ne ya zubo mini. Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare.

Kasno ne ya fara miƙewa. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Biyu? Kin huda biyu? Mak, kin san an jefar da takardarki ke nan? Lalatacciya ce! Na goya ki a baya har rumfa, gumi yana zuba, ashe wahalar banza na yi. Da ire-irenku aka kayar da mu!"

Na juya wurin Warsiti ina jiran ta kare uwarta. Ta janye kanta daga ƙarƙashin hannun tsohuwar.

"Mak, ni da nake wanke miki kashi da fitsari tun da kika kwanta? Ni da shi ɗaya ne a wurinki? Na rantse wa dangin Mas Giman cewa ke tamu ce. Yanzu da wane ido zan kalle su?"

"Siti, ai ba..."

"Shi da ya kafa mini shinge, shi ma kin huda masa!"

Ta fita tana kuka, wannan karon ba kukan tausayi ba. Kasno ya bi ɗaya ƙofar. Aka bar ni da Lasmini da hayaƙin turare. Murmushin bai gama barin fuskar Mbah ba, kamar ta manta yadda ake sauke shi. Can ta ce, "Nem, na yi kuskure ne?" Sai na gyara mata gyale.

Daga ranar ƙunshin ganyen ayaba ya daina fitowa. In na tsaya a ƙofar Warsiti sai ta ce, "Ai tana da ɗa, ya kirɓa mata masara." Tana faɗa idonta yana kawo ruwa, amma ba ta fasa faɗa ba. Kasno kuma ya daina tambaya, tunda ya sami amsa, ya kuma daina shiga ɗakin. Sai ya ajiye kwano a kan kujera kusa da gadon, a ɓangaren hannun da ya mutu, ya fice. In na zo da safe in tarar da abincin jiya tururuwa ta rufe shi. Ni nake kirɓa rogon yanzu a gidana, amma ko shi ba ta iya haɗiyewa sosai. Ta daina tsokana, ta daina tambayar wa ya rame. Ƙudaje suka gano ɗakin.

Wata safiya na taɓa goshinta na ji kamar murfin tukunya. Tana rawar ɗari, tana kiran sunan mijinta da ya daɗe a ƙasa. Na fito tsakar gida na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Kasno! Fito! Uwarka za ta mutu a kan gadon nan. A kira motar marasa lafiya ta ƙauye yanzun nan!"

Ya fito da fartanya a kafaɗa. Da ya leƙa ɗakin na ga tsoro a idonsa, tsoro na gaske. Amma bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Motar da hoton dagacin Rogo yake manne a jikinta? Ba za ta tsaya a ƙofata ba. So kike su ɗauki hoto su ce su suka ceci uwata?"

"Motar ƙauye ce, ɗan nema! Da kuɗinmu duka aka saye ta!"

"Zan nemo wata."

Ya nemo ɗin, sai da rana ta take. Akori-kurar wani ɗan Masara ce mai kai awaki kasuwa. Aka share bayan sama-sama, aka shimfiɗa katifa, muka ɗora Mbah, ni da Lasmini muna riƙe da lema a kanta. Motar marasa lafiya tana nan a inuwa gaban ofishin dagaci, da gadonta da komai, muka wuce ta muna tsalle a kan duwatsu. Duk ramin da muka faɗa sai Mbah ta yi nishi. Da na waiga sai na hango babur yana bin mu daga nesa, Warsiti ce, ita kaɗai, ko takalmi babu a ƙafarta.

A asibiti aka kwantar da ita a wani ɗaki mai gado huɗu. Kasno ya tsaya ta dama, Warsiti ta hagu, babu mai kallon wani. Aka sa mata ruwa, zazzaɓin ya ɗan sauka, idonta ya buɗe. Wata nas ta zo, yarinya ce ƙarama siririya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce, "Mbah, yi haƙuri, zan duba bayanki." Ban sani ba ko ƙarfi ne ya ƙare, ko kuwa don baƙuwar fuska ce da ba za ta sake gani a ƙauye ba, Mbah ba ta riƙe zanen ba. Yarinyar ta juya ta a hankali ta ɗaga.

Ba zan kwatanta abin da muka gani ba. Lasmini ta toshe baki ta fita da gudu. Nas ɗin ta yi salati. Ta ɗago ta dube mu cikin fushi.

"Wannan ba ciwon jiya ba ne. Ya kai ƙashi. Yaushe rabon da a juya ta? Yaushe rabonta da wanka? Mbah, ba ki da 'ya'ya ne?"

Kasno ya sunkuyar da kai. Warsiti ta kau da fuska. Mbah ce ta amsa, fuskarta a jikin matashi, muryar can ƙasa.

"Ina da su, 'yata. Biyu. Suna nesa ne, aiki ya kai su Kalimantan. Da suna nan ba za su bar ni haka ba."

Nas ɗin ta dubi Kasno, ta dubi Warsiti. "Waɗannan fa?"

"Maƙwabta ne. Mutanen kirki, su suka kawo ni."

"To, Allah ya saka," in ji yarinyar. "Maƙwabta ku jira a waje, zan wanke ta. Dangi kawai ake bari a ciki."

Na zuba musu ido ina jira. Kalma ɗaya ce, ɗayansu ya ce ni ne ɗanta, ko ni ce 'yarta. Amma duk wanda ya faɗa, shi zai amsa tambayar da aka yi a kan bayan nan. Suka fita sumui-sumui, na bi su, aka rufe ƙofa.

Benci ɗaya ne a barandar. Kasno ya zauna a wancan ƙarshen, Warsiti a wannan, ni a tsakiya. Na gaji, wallahi na gaji, ko faɗan ma ba ni da ƙarfin yi. Ina ta tunani, waɗannan yaran ba mahaukata ba ne, ba mashaya ba ne, suna sallah, suna azumi. Kasno ya taɓa goyon uwar nan a bayansa, Warsiti ta taɓa wanke ta da hannunta. Babu wanda ya tashi da niyyar kashe ta. Kowa dai ya ƙi jinin wancan ɓangaren ne fiye da yadda yake son uwarsa, kuma kullum da safe aka sake aunawa, ƙiyayyar ce take rinjaye. Kuma duk ƙauyen mun san haka, tun daga liman har mai awaki, kowa yana cewa ai 'yan wancan ɓangaren ne marasa imani.

Ta cikin ƙofa muna jin ƙarar ruwa a roba, da matsar tsumma, da nishin tsohuwar. An daɗe ana yi. Sai muka ji muryarta, a sanyaye, irin muryar mutumin da aka sauke wa kaya.

"Ruwan da ɗumi. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki."

Warsiti ta cusa fuskarta cikin gyale, kafaɗunta suna rawa. Kasno ya share ido da bayan hannu, ya share, ya sake sharewa. Na ce a raina, to, yanzu kam ya kai musu har ƙashi su ma.

Can Kasno ya yi gyaran murya. Bai juyo ba, ƙasa yake kallo.

"Da mijinki bai riƙa tsayawa da lasifika a ƙofata ba, da duk ba a kai nan ba."

Warsiti ta ɗago da jajayen idanu. "Au, mu ne muka fara?"

Na miƙe na bar musu bencin. Na je na ƙwanƙwasa ƙofar, na ce wa nas ɗin ni ƙanwar tsohuwar ce, ta bar ni in riƙe mata robar ruwa.